Yadda Melitón Ya Zo Koya Mana Ado

Ƙane ɗaya gare ni a duniya, Melitón, kuma ban taɓa roƙon Allah ya ƙaro mini wani ba, don shi kaɗai ya ishi dangi. Ya yi kiwon kaji, suka mutu, ya ce iskar garinmu ce ba ta karɓi kajin zamani ba. Ya yi gyaran rediyo, duk wadda ta shiga hannunsa ba ta ƙara tari ba. Amma duk wannan wasan yara ne a kan abin da ya yi mana shekarar da ya dawo daga babban birni.

Wata huɗu ya yi a can. Abin da direbobi suka gaya mana shi ne yana zama a bakin titi kusa da shuɗin gidan marigayiya mai zanen hotunan nan, wadda mu a kasuwa muke kira Mai Gira saboda girarta da ke haɗe, yana sayar wa baƙi jakunkuna da kofuna masu hotonta. Abin da shi ya faɗa da bakinsa kuwa daban ne. Wai masanin ado ne, wai manyan teloli na ƙasashen waje sai sun bi layi kafin su gan shi.

Ya sauka a tashar garinmu Juchitán da baƙin tabarau, da gyale naɗe a wuya cikin zafin nan na watan Afrilu, da jakar hotuna a hammata. Ko gida bai je ba, ya zarce rumfata inda nake sayar da gasasshiyar wainar masara.

"Yaya Gudelia, kuna barci a garin nan," in ji shi. "Duniya kaf ta koma adon matar nan. Furanni a ka, gira a haɗe, riga mai aiki. Ku kuwa ko saka kayan ba ku iya ba."

"Wane kayan?"

Ya zaro hoto ya ɗora mini a kan waina. Na ture shi gefe, na duba.

"Melitón, wannan ai rigarmu ce. Siket ɗinmu ne. A wurinmu ta gani ta ɗauka, Allah ya ji ƙanta, ta kuma yi mana kara, ta kai shi inda ƙafarmu ba ta taɓa zuwa ba. Me za ka koya mana a ciki?"

"Ku sawa kawai kuke yi, Yaya. Ita kuwa da ma'ana take sawa."

Hilaria mai kifi, wadda rumfarta ke jikin tawa, ta leƙo da wuƙa a hannu. "Gudelia, tambayar mini shi, nawa ake sayar da mudun ma'anar? In da araha a auno mini biyu."

Layin namu ya kwashe da dariya. Shi ko a jikinsa. Ya gyara tabarau ya ce za mu gani.

Da a kan wani ya ce za mu gani, da ban damu ba. To amma a shekarar ne aka zaɓi 'yarsa Tola ta ɗauki tutar unguwarmu a bikin watan Mayu. Sau ɗaya mace ke samun wannan a rayuwarta, in ma ta samu. Ita za ta wuce gaba, 'yan mata a bayanta, amalanken shanu da makaɗa a bayansu, gari kaf yana kallo, tsofaffi suna duba ta daga ka har ƙafa don su sami abin faɗa na shekara goma. Kayan da za ta sa kuma suna cikin akwatina tun rasuwar Innarmu: riga da siket na baƙin karammiski, waɗanda Inna ta shekara biyu tana ɗinka wa furanni da hannunta, da lulluɓin farin leshi da ta gada wurin tata uwar. Saura kwana biyu ta cika ta kama hannuna ta ce, "Na Tola ne, ranar da ta ɗauki tuta." A lokacin yarinyar tana da shekara tara. Tun daga nan duk zuwan da za ta yi gidana sai ta roƙe ni in buɗe akwatin ta shafa su.

Sai ga Melitón ya tsaya a tsakiyar kasuwa, ya hau kan kwandon wani, yana shela cewa shi da kansa zai shirya 'yarsa, sak yadda Mai Gira take a hoto, kuma daga ranar matan garin nan za su san bambancin ado da rufa jiki.

Iya Nicanora tana wucewa da sandarta. Duk wani leshi da ya amsa sunansa a unguwarmu ta hannunta yake bi. Ita ke sa masa sitati, ta zauna ta ninka shi ninki-ninki da dutsen guga, ƙanana kamar haƙoran mataji, aikin yini uku. Ta kusa tamanin, amma harshenta bai tsufa ba.

"Sitatin ma kai za ka sa?" ta tambaye shi.

"Iya, aikinki ya yi kyau a zamaninsa. Yanzu an ci gaba."

"An ci gaba," ta maimaita, tana kallon gyalen wuyansa. "Yaro, ni na sa wa lulluɓin uwarka sitati ranar aurenta. Kana ina?"

"Ai shi ya sa nake cewa lokaci ya yi da za ki huta."

"To na huta." Ta juya ta tafi, sandar tana ƙwas-ƙwas. Ni dai na san Iya ba ta mantuwa.

Da gira ya fara. Ya sayo baƙin rinin gashi a kanti, ya kira Tola ta zauna. Tola ta ce ita girarta biyu ce, haka Allah ya ba ta, kuma ba su yi faɗa ba balle a sasanta su. Ya juya kan matarsa Crisanta, ya ce bari a gwada a kanta. Crisanta ta ɗaga masa ludayin da ke hannunta.

"Tsoron me kuke ji? Da ruwa yake fita! Ku kalla."

Ya tsaya gaban madubi ya ja layi tsakanin girarsa. Hannu ya karkace. Ya ƙara don ya daidaita, wancan gefen ya fi kauri, ya ƙara wa wannan. Kafin ya gama, abin ya tashi daga kunne zuwa kunne kamar shanshani ya kwanta masa a goshi. Ya ce to, a kawo ruwa. Aka kawo. Ya wanke, abin yana nan. Ya sa sabulu, yana nan. Ya goga lemun tsami, ya goga toka, har da kananzir. Fatar ta yi jawur ta kumbura, baƙin kuwa sai ma ƙara sheƙi da ya yi.

Washegari ya fito da hula a janye har ido. Iskar garinmu, wadda ba ta taɓa rufa wa kowa asiri ba, ta ɗauke ta a daidai ƙofar kasuwa.

"Wayyo Allah!" in ji Hilaria. "Melitón, wa ya rufe maka hanya a goshi?"

"Da gangan na yi. Gwaji ne."

"To gwajin ya ci. Ko daga ƙetaren kogi za a gane ka."

Daga gira ya koma kan dabbobi. A hotunan akwai inda biri ke kafaɗarta, akwai inda aku yake. Ya zaga gari uku bai sami biri ba. Ya dawo da damo, ƙato, wanda wata ta kawo kasuwa don a yi miya da shi.

"Melitón, wannan damo ne," na ce.

"Biri da damo duk jela gare su, Yaya. Daga nesa wa zai tantance?"

"Duk mai ido."

Aku kuma wurin Hilaria ya aro. Ta ba shi da saurin da ya kamata ya sa shi tunani, amma ƙanena ba ya tunani sai bayan aiki. Akun nan shekararsa goma sha biyu a rumfar kifi, kuma abu ɗaya ya iya faɗa, abin da uwar ɗakinsa ke faɗa in rana ta yi kifi bai ƙare ba.

Sai kambun furanni. Ya ce tunda Mai Gira shida ko bakwai take sawa duniya ta rikice, in aka sa ɗari fa? Ya lanƙwasa wayar shanya ya yi da'ira mai faɗin faifai, ya bi gidajen maƙwabta yana tsinke musu furanni ta saman katanga. Mata uku suka kawo mini ƙara a yini ɗaya. Da furannin suka kasa cika wayar, ya toshe sauran gurbin da ɗanyen ganyen masara, ya ce kore yana fito da ja.

Inda muka yi faɗa na gaske shi ne kan lulluɓi. Ya kawo wani hoton inda leshin ya zagaye wa Mai Gira fuska kaf, ya ce haka Tola za ta fita.

"Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa? Wannan ɗaurin shiga coci ne! Ranar biki baya ake mayar da shi, ya tashi a saman ka, fuska a buɗe. Yarinyar shekara biyar ta san wannan. So kake 'yarka ta shiga tsakiyar makaɗa da ɗaurin addu'a, a ce gawar wa za ta raka?"

"Hoto ba ya ƙarya, Yaya."

"Ita a ɗakinta ta zauna ta zana kanta yadda ta ga dama, ba tuta ta ɗauka ba! Wai ni kam, a garin nan aka haife ka ko a mota aka tsince ka?"

Ya sunkuyar da kai. Ni kuma, sakarai, na ɗauka maganar ta shige shi.

Saura kwana huɗu biki ya zo gidana da safe, babu tabarau, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ya yi tunani, ya ga bai kyauta wa Iya Nicanora ba. In ba shi lulluɓin ya kai mata da hannunsa, ya haɗa da ban haƙuri. Wallahi har ƙwalla na yi. Na buɗe akwati na naɗe lulluɓin Inna a farin ƙyalle na miƙa masa. Wannan laifina ne, kuma har gobe in na tuna sai na ji kamar in mari kaina.

Abin da ban sani ba, tun kwana biyu kafin nan Crisanta take neman labulen leshin tagarta ba ta gani ba. Ashe labulen yana can ƙuryar gida, a kansa Melitón ya yi gwajin farko. Ya dama sitati, ya ga bai yi masa ƙarfi ba, ya zuba sukari wai don sheƙi, ya ƙara gam irin na kafintoci wai don ya tsaya da'ira sak kamar na hoto. Ya tsoma labulen, ya naɗa shi a bakin bokiti, ya shanya a rana. Da ya bushe ya tsaya ƙiƙam. Melitón ya ce aiki ya yi kyau. Sai ya yi wa lulluɓin Inna haka.

Ni ina can ina jiran Iya ta aiko. Shiru. Ranar biki da sassafe na ɗauki riga da siket na nufi gidansu, na tarar Tola ta yi wanka, Crisanta tana yi mata kitso da jan zare.

"Ina lulluɓin?" na ce.

"Ba yana wurinki ba, Goggo?"

Sai ga Melitón ya fito daga ƙuryar gida, yana murmushi har kunne, riƙe da wani abu a bayansa. "Ku rufe ido."

Ba wanda ya rufe. Ya fito da shi.

Da farko ban gane ko mene ne ba. Wani zobe ne ƙato, rawaya-rawaya, mai rami a tsakiya. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa don mu ji ƙarfinsa, ya yi ƙara kamar ƙwarya. Tururuwa suna ta zirga-zirga a cikin hudojinsa saboda sukarin. Sai da na hango ɗan gyaran da Inna ta taɓa yi a gefe da zare, sannan na gane lulluɓin ne, na zauna a ƙasa.

Na buɗe baki zan fara, don na tanadi abin da zan gaya masa tun daga kajinsa har zuwa yau. Tola ta riga ni. Ba ta yi ihu ba. Ta karɓi abin ta ɗora a cinyarta tana cire tururuwan ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana ɗiga a kai.

"Baba," ta ce, "matar nan ta hoto ban ƙi ta ba. Kyakkyawa ce. Amma ni ba ita nake so in yi kama da ita ba. Shekara goma ina jira in yi kama da Kaka, na yini ɗaya kawai."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya kalle ni, ya kalli Crisanta, ya kalli abin da ke cinyar 'yarsa kamar yanzu ya fara ganinsa.

"Zai... in aka jiƙa shi..."

"Ƙarfe uku za a fito da tuta," in ji Crisanta. "Jiƙa."

Aron lulluɓi ranar biki kuwa, wa zai ba ka? Duk mai shi a kanta zai kwana. Mutum ɗaya ce a unguwar ke da wanda ba za ta sa ba. Na miƙe na kama Melitón a kunne, ƙato da shi mai shekara arba'in da shida, na ja shi har ƙofar Iya Nicanora.

Tana zaune a inuwa tana shan koko na masara. Ta karɓi zoben, ta juya shi, ta shinshina, ta ƙwanƙwasa.

"An ci gaba," ta ce.

"Iya, na tuba."

"Ni ai na huta. Kai ka ce in huta."

"Iya, don Allah. Ba don ni ba."

"Da don kai ne, da kare na sakar maka." Ta kira jikarta ta ce a zuba ruwan ɗumi a baho a tsoma abin. "Sati biyu zai yi a ruwa. Ko ya saki, ko bai saki ba, wannan sai yadda Allah ya yi. Yau dai babu shi."

Melitón ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa. Iya ta bar shi a haka har ta shanye kokonta. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshi, ta buɗe. Fari tas, ninkin nan a jere kamar yau aka yi.

"Wannan na aurena ne. Na ajiye shi ne a binne ni da shi, duk shekara ina sabunta masa sitati don ban san ranar ba. Zan ba jikar ƙawata ta sa, ni da kaina zan ɗaura mata. Amma da sharaɗi."

"Ko mene ne, Iya."

"Na ji an ce ka yi kambu. Na ji akwai aku, akwai damo. An ce har labulen matarka ka yi wa irin wannan aikin."

"Haka ne."

"To abin da ka shirya wa 'yarka ta ɗauka a gaban jama'a, kai za ka ɗauka. Duka. Daga ƙofar gidanka har dandali, a ƙafa, a cikin jerin. Tunda ado ne, a gan shi."

Ya ɗago kai. "Iya, ni fa magidanci ne."

Ta fara naɗe ƙunshinta.

"Na yarda! Na yarda!"

Ƙarfe uku makaɗa suka iso, aka fara harba tartsatsin wuta sama. Ni ce na shirya shi, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikin. Na zura masa zoben labule, fuskarsa ta leƙo ta tsakiya da shanshaninta. Na ɗora kambun na ɗaure a haɓa. Aku a kafaɗar dama, damo a ta hagu, an ɗaure shi da igiya a maɓallin riga. Aka ba shi wuri a bayan 'yan mata, gaban amalanken farko.

Yana sa ƙafa a titi unguwar ta ɗauka.

"Melitón, addu'ar ƙarfe nawa za ka?"

"Ku ba shi hanya, ya makara coci!"

"A'a, ku duba da kyau, ma'ana ce ta fito!" Wannan muryar Hilaria ce, ko a ina na san ta.

Ya ɗaga kai yana tafiya, gumi yana tsiyaya. Abin haushi, da muka kai kwanar babban titi sai ga wasu baƙi 'yan birni, 'yan mata huɗu da furannin roba a ka da gira a haɗe da tozali. Suka hango shi suka yi ihun murna, suka zagaye shi suna ɗaukar hoto. Nan take na ga kafaɗunsa sun buɗe.

"Kin gani ko, Yaya?" ya ce mini ta gefen baki. "Waɗanda suka san abu sun gane."

Ya gyara tsayuwa, ya karkata kai yadda Mai Gira take a hoto, ya ɗaure fuska. A daidai nan akun ya ga taro, ya ga rana ta yi, ya tuna aikinsa.

"Ya kwana! Ya kwana! A ɗauka da araha kafin ya yi wari!"

Mai busa ƙaho ya shaƙe da dariya, ƙahon ya yi wani irin kuka. Melitón ya kai hannu zai toshe bakin akun, akun ya cafke masa yatsa. Ya yi tsalle. Tsallen ya firgita damon, ya nemi rami mafi kusa, ya faɗa ta wuyan riga. Jama'a, ban taɓa sanin ƙanena ya iya rawa ba sai ranar. Ya karkaɗa, ya lanƙwashe, ya yi sama ya yi ƙasa, jelar damon tana leƙowa ta tsakanin maɓallai. Makaɗa suka ga abin ya yi daidai, suka ƙara wuta.

"Yaya! Cire shi! Yana cikina!"

"Biri ne ai, lallashe shi."

Yana ja da baya, yana ja da baya, har ya jingina da hancin san da ke jan amalanken farko. Wannan sa kuwa tun safe aka yi masa ado aka hana shi kiwo. Ya ga ɗanyen ganyen masara ya kawo kansa har baki. Ya miƙa harshe ya naɗo. Kan Melitón ya bi. Ya ja, san ya ja. Mai amalanke yana dukan sa yana dariya, dukan ba ya shiga. Igiyar haɓa ta tsinke, kambun ya tafi bakin sa, Melitón ya tafi ƙasa. Iska ta shiga zoben labulen ta fizge shi, ya tashi a gefensa yana gangarawa titi kamar taya, karnuka biyu suna bin sa.

Ƙanena ya zauna daɓas a tsakiyar titi, riga a yage, fure ɗaya maƙale a kunne, akun yana tsaye a tsakiyar kansa yana sanar da duniya cewa ya kwana. Mutane har kwanciya suke a jikin katanga. Iya Nicanora, da aka ɗauko a kujera, tana share hawaye da gefen zane. Ni ma na yi dariya har cikina ya ƙulle. Amma da na kalli fuskarsa sai na daina. Ba ya cika baki, ba ya neman wanda zai ɗora wa laifi. Ya dai sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa, kuma dandali da saura tafiya.

Sai kiɗa ya fara mutuwa. Mutane suka dare. Tutar ce ta juyo.

Ba a juyo da tuta. Tun da nake ban taɓa gani ba. Amma ga Tola tana tahowa, baƙin karammiski yana ɗaukar rana, furannin Inna kamar a tsinka, farin leshi ya tashi a bayan kanta, fuskarta a buɗe. Tana takawa a hankali, kafaɗa a miƙe, tana ɗan jan ƙafar siket da yatsu biyu. Tsofaffin da ke bakin titi suka daina dariya, wata ta dafa ƙirji ta kira sunan Innarmu.

Ta tsaya a kan ubanta. Ya ɗago, ya kalle ta.

"Yaya," ya ce, ko juyowa bai yi ba, "Inna ce."

Na dafa masa kafaɗa.

Tola ta mayar da tutar hannun hagu ta miƙa masa na dama. "Baba, tashi. An ce sai dandali. Zo mu ƙarasa, amma kusa da ni za ka yi tafiya."

"A haka? Zan ɓata miki."

"Ka riga ka yi iyakar ƙoƙarinka, bai ɓaci ba. Tashi."

Ya tashi. Hilaria ta zo ta ɗauke akunta, wani ya zaro damon ta ƙasan riga. Makaɗa suka ɗauka daga inda suka tsaya. Haka suka shiga dandali, ita da tuta, shi a gefenta da yagaggiyar riga da baƙin layi daga kunne zuwa kunne, yana kuka wiwi kamar yaron da aka yaye, yana riƙe mata gefen siket kada ya taɓa ƙasa.